Darasi na Bakwai: Matsi da Gudun Ruwa a Injin Gahawa

Duk wanda ya taɓa riƙe tiyo yana ba lambu ruwa a bakin kogin Yedzaram ya riga ya san rabin wannan darasi. Idan ka saki bakin tiyo, ruwa zai bulbulo da yawa, amma nan gabanka zai faɗi. Ɗora babban yatsa ka toshe rabin bakin, sai ka ji tiyon ya yi tauri a hannunka, ruwan ya ragu, ya kuma yi tsalle har fangali na uku. Injin da ke turo ruwan dai shi ne, ba a ƙara masa wuta ba. Yatsanka ne ya tare hanya, ƙarfin ruwan ya taru a bayansa. Wannan ƙarfi da ya taru shi ake kira matsi. Yawan ruwan da ke wucewa cikin kowane sakan shi ne gudu. Abin da ya tare hanyar kuwa za mu kira shi turjiya. Ku riƙe kalmomin nan uku, da su za mu yi aiki har ƙarshen darasi.

Me ya kawo gahawa ajinmu?

A teburin mai shayi a Wuro Patuji, wanda ya nemi kofi za a yaga masa ledar Nescafé a zuba ruwan zafi, shi ke nan. Wannan gari ne da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar, narkewa kawai yake yi. Abin da za mu karanta yau daban ne. Sunansa esfireso. Ana niƙa gasassun 'ya'yan gahawa, a danne garin cikin ɗan kwandon ƙarfe mai ƙananan huji a ƙasa, inji ya tura ruwan zafi ta cikinsa da ƙarfi, cikin kimanin rabin minti a samu kurɓi biyu na gahawa mai kauri, da kumfa ja-ja a samanta. A nan za mu riƙa cewa gahawa, mu bar kalmar kofi ga abin da ake zubawa a ciki, don kada a ruɗe.

Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Mubi da injin Italiya. Manyan otal-otal da wuraren shan gahawa a Abuja da Legas da Kano suna da irin waɗannan injina, kuma suna ɗaukar ma'aikata. Haka ma ƙasashen Larabawa inda matasanmu ke zuwa neman na kansu. Mai danna maɓalli ana samunsa ko'ina, amma wanda zai kalli geji da agogo ya faɗi abin da ke damun inji shi ake riƙewa. Gahawar ma ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Ana nomanta a tsaunin Mambila, wanda muke jiha ɗaya da shi a zamanin Gongola kafin a raba ta zuwa Adamawa da Taraba a 1991, ana kuma nomanta sosai a Kamaru da ke nan maƙwabtanmu. Yana yi mini ciwo a ce mu ne kusa da gona, amma ribar tana hannun waɗanda suka iya gasawa da tatsa. Wanda kuma ba zai taɓa tsayawa gaban injin gahawa ba bai yi asarar zaman yau ba, domin dokar da ke cikinsa ita ce a famfon burtsatse, da injin feshin gona, da ledar ƙarin ruwa a asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ke murza 'yar tayar da ke jikin roba don ta rage ɗigo.

Bar nawa ne tankin gidanku?

Ana auna matsi da ma'auni mai suna bar. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce tsayin ruwa: ruwan da ya kai tsayin mita 10 yana danna abin da ke ƙarƙashinsa da kimanin bar 1. Tankin da aka ɗora bisa ƙarafa mita 5 a bayan gida, ke nan, rabin bar yake ba famfon da ke ƙasa. Girman tankin bai shiga lissafi ba. Na lita 500 da na lita 5,000, matuƙar saman ruwansu tsayi ɗaya ne, matsinsu ɗaya ne. Tayar ƙaramar mota, wadda mai faci ke sa wa 32 a gejinsa, bar 2 ce da ɗoriya. Esfireso kuwa da bar 9 ake yinsa. Da tanki za a dogara da shi, sai an ɗaga shi sama da mita 90.

Bari mu mayar da wannan nauyin da muka saba ɗauka. Kwandon da aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 58 ne, wato filinsa ya kai murabba'in santimita 26. Bar 9 yana ɗora wa kowane murabba'in santimita kimanin kilo 9. Idan kuka ninka 26 sau 9 za ku samu 234. Ke nan ɗan garin nan da bai cika tafin hannu ba yana ɗauke da kusan nauyin buhun siminti biyar. Ma'aikaci kuwa idan ya danna garin da madanni, bai cika wuce kilo 15 ba. Shi ya sa nake ganin ɓata lokaci ne gardamar da ake yi kan ƙarfin danni. Ruwa zai zo ya danna fiye da kai sau goma sha biyar. Abin da ake so daga hannunka shi ne garin ya kwanta daidai, babu tudu babu kwari.

Daga tururi zuwa famfo

Injinan farko da tururi suke aiki. Angelo Moriondo ya yi rajistar nasa a birnin Turin na Italiya a 1884, Luigi Bezzera ya biyo baya a Milan a 1901. Tukunya ce rufaffiya ake tafasawa, tururi ya tura ruwa ta cikin gari. Matsin bai wuce bar ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma don a same shi dole ruwan ya zarce zafin tafasa, sai gahawar ta fito da ɗacin ƙuna. Matsalarsu ita ce zafi da matsi a ɗaure suke da igiya ɗaya, ba a iya ƙara wannan sai an ƙara wancan.

Achille Gaggia, shi ma a Milan, shi ya kwance igiyar. A injin da ya fara sayarwa a 1948, ma'aikaci yana jawo doguwar liba ƙasa ya matse sifirin, ruwa mai zafi daidai ya shiga, ya saki liba, sifirin ya tura fistin a kan ruwan da ƙarfin bar 8 zuwa 10. A nan ne kumfar da aka san esfireso da ita ta bayyana. Ku lura da halin sifirin: da ƙarfi yake farawa, yana miƙewa yana raguwa. Za mu dawo kan wannan. A 1961 kamfanin Faema ya fito da injin E61, wanda ya maye gurbin damtsen mutum da famfon lantarki mai riƙe bar 9 daga farko har ƙarshe. Daga nan bar 9 ya zama al'adar sana'ar. Cibiyar Esfireso ta Italiya, wadda aka kafa a 1998, ta rubuta nata ƙa'idar haka: gari giram 7, matsi bar 9, sakan 25, gahawa mililita 25. Yawancin wuraren shan gahawa na yau kofi biyu suke tatsa a tare, kuma da sikeli suke aiki: giram 18 na gari ya ba da giram 36 na gahawa cikin sakan 25 zuwa 30, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96. Da waɗannan lambobi za mu yi misalanmu.

Dokar yashi

A 1856 wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin samar wa birnin Dijon ruwan sha, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da bututun da ya cika da yashi yana tura ruwa ta ciki. Ya gano cewa gudun ruwa yana ƙaruwa gwargwadon matsi, yana kuma raguwa idan yashin ya ƙara kauri ko ya ƙara laushi. A taƙaice, gudu shi ne matsi a raba da turjiya. Mai tonon rijiya a gadon kogi da rani ya san haka tun kafin a rubuta: inda yashi ke da tsakuwa rami nan da nan yake cika, inda yake haɗe da laka sai an zauna jira.

Ga abin da nake so ku fita da shi daga ajin nan. Famfo ruwa yake turawa, garin da ke cikin kwando shi ke haifar da matsi, kamar yadda yatsa ya yi a bakin tiyo. Tunda kuwa lambobin uku a ɗaure suke, babu injin da zai iya zaɓar matsi ya kuma zaɓi gudu a lokaci guda. Idan ya riƙe matsi a bar 9, garin ne zai yanke yawan ruwan da zai wuce. Idan ya riƙe gudu a mililita 2 cikin sakan, garin ne zai yanke inda allurar geji za ta tsaya. Ɗaya ake riƙewa, ɗayan kuma a karanta shi, domin shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a cikin kwandon da ido ba ya gani.

Direban Keke Napep ya san wannan a ƙafarsa da hannunsa. Idan ya tsayar da totur wuri ɗaya, hanya ce za ta yanke saurinsa, ya rage a hawa, ya ƙaru a gangare. Idan kuwa sauri ɗaya yake so ya riƙe, dole ya riƙa murza totur yana sassautawa gwargwadon hanya.

Turjiya tana hannun ma'aikaci, kuma abu uku ke gina ta: laushin niƙa, yawan gari, da yadda aka baza shi. Laushin niƙa ya fi sauran tasiri nesa ba kusa ba. Ɗan motsi kaɗan a jikin injin niƙa yana iya ƙara sakan biyar ko ya rage.

Abin da ke faruwa cikin rabin minti

Garin gahawa ba ya zama yadda yake kamar yashin Darcy, kuma a nan wahalar sana'ar take. A sakannin farko busasshe ne, cike da iskar da gashi ya bari a cikin ƙwayar. Ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, iskar ta taso ta tare hanya, ƙananan ɓurɓushi su gangara su toshe wasu hujin. A wannan lokaci turjiya tana ƙololuwa, shi ya sa akan yi sakan shida ko takwas kafin ɗigon farko ya faɗo, baƙi mai kauri kamar zuma. Daga nan ruwa ya fara kwashe abin da ke narkewa, curin garin ya riƙa sakin jiki, turjiya ta yi ta raguwa. Idan matsi na nan a bar 9, gudu zai yi ta ƙaruwa, launin ya koma fari-fari, ruwan ya tsinke. Sifirin ɗin Gaggia, da yake ƙarfinsa raguwa yake yi, yana sassautawa daidai lokacin da garin ya raunana. Wannan hali ne injinan zamani suke ƙoƙarin kwaikwaya da kwamfuta.

Babban abokin gabar ma'aikaci shi ne ɓallewar hanya. Kun ga yadda ruwan sama mai ƙarfi ke yi wa busasshiyar gona a farkon damina: maimakon ya shiga ƙasa, sai ya sami wuri mai rauni ya yanka kwari, ya kwashe ƙasar wurin, gefe kuma a bushe. Haka ruwan bar 9 yake yi wa garin da ke da tsaga ko dunƙule. Zai bi ta wurin ya wanke shi fiye da kima, sauran garin ya tashi bai ba da komai ba. Gahawar ta fito da ɗaci da tsami a haɗe, alhali sikeli da agogo suna iya nuna lambobi masu kyau. Maganinsa shi ne abin da yayyafi ke yi wa gona. Ana fara shigar da ruwa a hankali, da bar 2 ko 3, na 'yan sakanni, har garin ya jiƙe ya kumbura ya rufe tsagoginsa, sannan a kawo cikakken ƙarfi. Wannan mataki za mu kira shi jiƙo.

Kada kuma ku ɗauka ƙara matsi kullum yana ƙara gudu. Idan aka wuce wani mizani, ruwan yana danne curin ya ƙara cushewa, gudun ya tsaya cik ko ma ya ragu. A 2020 wasu masana, cikinsu da Christopher Hendon na Jami'ar Oregon a Amurka, sun wallafa bincike a mujallar Matter da ya nuna makamancin haka game da niƙa: ƙara laushi yana ƙara abin da ake tatsowa har zuwa wani wuri, daga nan sai ya fara raguwa, domin wasu sassan garin sun toshe ruwa ba ya ratsa su. Sun ba da shawarar a rage gari daga giram 20 zuwa 15, a sassauta niƙa, a yi aiki da bar 6. Binciken ya nuna bar 9 al'ada ce mai kyau da ake iya sauyawa. Duk da haka shawarata ga mai koyo ita ce ya fara ƙwarewa a kan bar 9 tukuna, don shi zai tarar a wurin aiki.

Yadda inji ke riƙe ragama

Famfo iri biyu za ku fi haɗuwa da su. Ƙananan injina suna da famfo mai karkarwa: ɗan fistin ne a cikin kwayil, wutar lantarki tana buga shi gaba, sifirin yana mayar da shi, sau 50 a sakan a irin wutarmu. Yana da arha, yana da ƙara, kuma gudunsa raguwa yake yi yayin da matsi ke hawa. Lambar nan ta bar 15 da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, matsin da famfon ke kaiwa ne idan hanya ta toshe gaba ɗaya, ko ɗigo ba ya fita. Talla ce, kada ta ruɗe ku. Abin da ke tsayar da shi a bar 9 wani bawul ne mai sifirin, wanda ke buɗewa idan matsi ya wuce iyaka ya mayar da rarar ruwa cikin tanki.

Manyan injinan kasuwa suna da famfo mai juyawa. Shiru yake aiki, yana kuma turo ruwa fiye da buƙata, sai wani noti a jikinsa ya riƙa zagayar da rarar. Da wannan notin ake saita matsi, ana murzawa ana kallon geji. Kafin ruwan ya isa gari yakan bi ta wani ɗan huji da bai kai milimita ɗaya ba, wanda aka sa da gangan don matsi ya hau a hankali. A nan akwai tarko. A injina da yawa gejin yana auna matsin ne a bayan wannan huji, ta gefen famfo, don haka zai iya nuna 9 ko da garin ya yi tsakuwa ruwa na wucewa kamar a rariya. Wanda ya dogara da geji kaɗai zai rantse komai lafiya. Sikeli da agogo ne za su tona asiri.

Injin da ake kira mai sarrafa kansa yana ƙara abu ɗaya a kan wannan, wato mitar ruwa. 'Yar farfela ce ruwa ke juyawa, inji yana ƙirga juyinta, idan ya cika adadin da aka koya masa ya kashe famfo. A daidai lokacin wani bawul na lantarki yana buɗewa ya zubar da matsin da ya rage a kan garin, shi ne 'yar ƙarar da ake ji a ƙarshe. Ku sani mitar tana ƙirga ruwan da ya shiga ne, ba ta san abin da ya faɗa kofi ba. Garin yana shanye wani kaso, har curin da ake zubarwa yakan kusan ninka nauyinsa na farko. Saboda haka duk lokacin da aka canza gahawa ko yawan gari, sai an sake koya wa maɓallin da sikeli a ƙarƙashin kofi.

Daga wajajen 2010 aka fara samun injinan kasuwa da ke barin ma'aikaci ya sauya matsi yayin tatsa, irin su La Marzocco Strada, da Slayer wanda ke rage gudun ruwa lokacin jiƙo. Daga baya kamfanin Decent ya fito da injin da ake ba umarni ta allon kwamfuta, yana zana matsi da gudu da zafi a layi-layi ana kallo. Dabarar cikinsu ɗaya ce, kuma kun santa a jikin sitabilaizar gida: a auna, a gwada da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa, sau da yawa cikin sakan ɗaya. Ana iya ce wa irin wannan inji ya jiƙa da bar 3 na sakan 8, ya hau bar 9, sannan ya sauko a hankali zuwa 6. Ana kuma iya ce masa ya riƙe gudu, ya bar matsi ya nemi wurinsa. A tsarin riƙe matsi, ɓallewar hanya tana bayyana da tsallen gudu. A tsarin riƙe gudu, tana bayyana da faɗuwar matsi farat ɗaya. Tsari na biyu yana buƙatar a sa masa iyaka, domin idan niƙa ya yi laushi da yawa injin zai yi ta ƙara ƙarfi yana neman gudun da ba zai samu ba. Akwai ma injinan da ke niƙa su danna su tatsa da kansu, wasunsu har suna gyara laushin niƙa idan suka ga lokaci ya kauce. Duk iyawarsu, ba su da harshe. Inji zai maimaita abin da aka koya masa sau dubu, mai daɗi ne ko marar daɗi.

Ruwa ba ya tsami banza

A ce an ɗauke ka aiki, ka sa giram 18, giram 36 suka fito cikin sakan 15, ka kurɓa ka ji tsami da salam. Turjiya ta yi kaɗan, ruwa ya wuce bai ɗauko komai ba. Ƙara laushin niƙa. Idan kuwa sai da aka yi sakan 45 ana ɗiga, gahawar ta fito baƙa mai ɗaci tana kama maƙogwaro, sassauta niƙan. Idan lokaci ya yi daidai amma ɗaci da tsami sun haɗu, ko kofi biyu a jere sun sha bamban alhali ba ka taɓa komai ba, duba yadda kake baza gari. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, a sake gwadawa. Notin famfo shi ne na ƙarshe da za ka taɓa, kuma sai da izinin mai wurin. Sababbin ma'aikata da yawa can suke fara kai hannu, su ɓata saitin da ba shi da laifi.

Ruwanmu da wutarmu

Littattafan da ke zuwa da injinan nan an rubuta su ne don garuruwan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Yawancin manyan injina suna so ruwa ya shigo musu da bar 2 ko fiye, mu kuwa mun ga tankin mita 5 rabin bar yake bayarwa. Wanda zai kafa irin wannan inji a Mubi sai ya sa ƙaramin famfon ƙarin ƙarfi da bawul mai daidaita matsi a gabansa, in ba haka ba jiƙo ba zai yi ba, kuma a wasu injinan matsin tatsa zai riƙa sauyawa tare da matsin ruwan da ke shigowa.

Sai ingancin ruwan. Leƙa cikin butar mai shayin da ya daɗe yana dafa ruwan rijiya ko na burtsatse. Idan ka ga farin ɓawo ya kama gindinta, wannan ɓawon ne zai taru a cikin inji, kuma hujin da bai kai milimita ɗaya ba ba ya buƙatar da yawa kafin ya toshe. Alamarsa ita ce ruwa ya riƙa fitowa a hankali ko babu gari a kwando. Matatar da ke rage ma'adinan ruwa ta fi arha a kan canza tukunya. Ruwan 'yan garuwa kuma, tunda ba kullum daga wuri ɗaya yake ba, a tace shi kafin ya shiga.

Wuta ma haka. Famfo mai karkarwa da bugun wutar yake tafiya, idan ta yi rauni ko janareta yana hawa yana sauka, shi ma haka zai yi. Babban inji mai baki biyu yana jan wat dubu uku ko fiye, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Yanayi kuma yana taɓa garin kansa. Niƙan da ya yi daidai da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, ba lallai ya yi daidai a watan Agusta ba, kuma zafin Maris da Afrilu yana saurin tsofar da gasasshiyar gahawa. Tsohuwar gahawa iskarta ta fita, turjiyarta ta ragu, ruwa zai wuce ta da gudu babu kumfa. Don haka kowace safiya ake gwada kofin farko da sikeli kafin a sallami kowa.

Magana ɗaya kan tsaro. Tukunyar tururi tana aiki da bar 1 zuwa ɗaya da rabi, ruwan cikinta ya kai zafin digiri 120. Kada a kwance komai a jikinta sai an kashe ta ta huce allura ta koma sifiri. Kada a ɗaure ko a toshe bawul ɗin tsaro don yana huci, a kira mai gyara. Kada kuma a cire mariƙin kwando famfo na aiki.

Aikin aji

Gani ya kori ji. Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya samo gorar ruwa ta roba guda biyu iri ɗaya. A yanke gindinsu, a ɗaure ƙyalle a bakinsu, a kifa su. A zuba yashi mai tsakuwa a ɗaya, mai laushi a ɗayar, tsayin yatsa huɗu kowanne, a jiƙa su tukuna. A zuba ruwa kofi ɗaya a kowace, a auna da agogon waya sakan nawa ya ɗauka kafin ya wuce. Sannan a ninka tsayin yashin a sake aunawa. Daga ƙarshe a soka tsinken tsintsiya ta gefe ɗaya har ƙasa, a zare, a zuba ruwa a ga abin da zai faru da lokacin.

Bayan haka kowa ya amsa waɗannan a littafinsa:

1. Saman ruwan wani tanki yana mita 8 daga famfo. Kimanin bar nawa famfon ke samu? Zai ishi babban injin gahawa?
2. Giram 36 sun fito cikin sakan 30, amma ɗigon farko ya faɗo ne a sakan na 6. Giram nawa ke fitowa a kowane sakan daga lokacin da aka fara ɗiga?
3. Geji yana nuna bar 9, gahawa kuma ta cika kofi cikin sakan 12. Me ya sa ba za ka yarda da gejin ba, kuma me za ka fara gyarawa?
4. Inji yana riƙe gudu, sai matsi ya faɗo daga bar 8 zuwa 4 farat ɗaya. Me ya faru a cikin kwando?
5. Kawo misali ɗaya daga sana'arka inda ake riƙe matsi a bar gudu, ko a riƙe gudu a bar matsi.

Wanda bai samu gora ba ya haɗa kai da maƙwabcinsa. Ku zo da lambobin da kuka auna mako mai zuwa, ko sun saɓa wa na sauran rukunai, domin da su za mu buɗe darasi na takwas.